Dokokin lasisin babur da sharuɗɗan ɗan koyo a Najeriya

A Jahun da sauran garuruwan da ke kwarin kogin Haɗejia a jihar Jigawa, babur ne abin hawan da jama'a suka fi dogaro da shi wajen zuwa gona da kasuwa da asibiti.

Akasarin masu tuƙa shi sun koya ne a hannun wani ɗan'uwa ko aboki, a filin makaranta ko a bayan gari, cikin 'yan kwanaki.

Sai dai a dokar Najeriya koyon babur mataki ne mai zaman kansa, wanda yake da takardarsa da wa'adinsa, da kuma abubuwan da aka haramta wa mai koyo har sai ya ci jarrabawa.

An tsara waɗannan sharuɗɗa ne domin watannin farko, lokacin da sabon mahayi ya iya tayar da babur da sa giya, amma bai san abin da zai yi ba idan akuya ta faɗo masa titi ko taya ta nutse a yashi.

Ga bayani a kan abin da dokar ta tanada, da hukumomin da ke aiwatar da ita, da kuma wuraren da take cin karo da yadda rayuwa ke gudana a karkara.

Babur a Jahun da kewaye

Jahun na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Kano a ranar 27 ga watan Agusta na 1991.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar na da mutane fiye da dubu 200, galibinsu manoma da makiyaya mazauna ƙauyuka.

Ƙasar yankin iri biyu ce. Akwai jigayi masu rairayi, waɗanda daga gare su ne jihar ta samo sunanta, akwai kuma fadamu masu taɓo a wajen kogin Haɗejia da rassansa, inda ake noman shinkafa da alkama da kayan lambu.

Kwalta ta haɗa manyan garuruwa, kamar hanyar da ta taso daga Kiyawa ta ratsa Jahun zuwa Gujungu. Amma daga bakin titi zuwa ƙauye sau da yawa hanyar burji ce, ko burtali, ko turbar da ƙafa da amalanke suka fitar.

Da damina kuma lamarin kan ƙara tsananta. A ambaliyar 2022, wadda ta yi mummunar ɓarna a Jigawa, ruwa ya yanke hanyoyi da gadoji a sassa da dama na jihar, ta yadda babur da kwale-kwale suka zama hanyar isa ga wasu garuruwan.

Babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008 a sashen haihuwa da na masu yoyon fitsari, yana karɓar mata daga ƙauyuka masu nisa. Ga wadda naƙuda ta kama da dare a ƙauyen da mota ba ta shiga, babur ne ke fito da ita bakin hanya.

Sana'ar acaɓa dai ta bazu a Najeriya ne tun daga shekarun 1980, musamman bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da motocin haya suka yi ƙaranci kuma aikin yi ya yi wuya.

Shigowar babura masu rahusa daga China da Indiya, irin su Jincheng da Bajaj Boxer, ta sa abin hawan da a da sai malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati ke mallaka ya isa hannun manomi da ɗan kasuwar ƙauye.

Hukumomi uku, lasisi ɗaya

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, ita ce kan gaba a sha'anin dokokin hanya. An kafa ta a watan Fabrairun 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko.

A yanzu tana aiki ne da dokar da majalisar dokokin ƙasa ta zartar a 2007, tare da ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa da aka fitar a 2012, waɗanda suka maye gurbin na 2004.

To amma ba ita kaɗai ce ke bayar da lasisi ba. Aikin ya kasu ne tsakanin hukumomi uku.

Hukumar tattara kuɗaɗen shiga ta jiha, ta hannun ofishin lasisin ababen hawa, ita ce ke karɓar kuɗi, ita ce kuma ke miƙa lasisi ga mai shi.

Jami'an duba lafiyar ababen hawa, waɗanda aka fi sani da VIO, ma'aikatan jiha ne, kuma su ne ke gwada mai nema su tabbatar ko ya iya.

Ita kuwa FRSC tana ɗaukar hoto da zanen yatsu, ta adana bayanai a rumbun ƙasa baki ɗaya, sannan ta buga katin.

Wannan tsari ne ya sa lasisin da aka karɓa a Dutse yake aiki a Legas ko Fatakwal, duk da cewa jiha ce ta bayar da shi.

Shekaru da rukunin lasisi

Doka ba ta yarda wanda bai cika shekara 18 ba ya tuƙa mota ko babur a kan hanyar jama'a. Wannan sharaɗi ya shafi ɗan koyo kamar yadda ya shafi ƙwararre, kuma izinin uba ko na mai babur ba ya ɗauke shi.

An raba lasisin tuƙi rukuni-rukuni, gwargwadon irin abin hawa. Rukunin A shi ne na babur. Rukunin B na ƙananan motocin gida ne, sauran kuma sun shafi motocin haya da manyan motoci da taraktoci da makamantansu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, lasisin mota ba ya maye gurbin na babur. Direban da ya shekara ashirin yana tuƙa mota, in dai ba shi da rukunin A, to a idon doka ɗan koyo ne idan ya hau babur.

Dalili kuwa shi ne, tuƙin ya bambanta. Mota tana tsaye da kanta a kan taya huɗu, shi kuwa babur jikin mahayi ne ke riƙe shi, kuma da kwantar da jiki ake shan kwana.

Takardar ɗan koyo

Kafin mutum ya fito titi da niyyar koyo, ana bukatar ya karɓi takardar izinin koyo daga ofishin lasisi na jiha. Wa'adinta wata uku ne, kuma ana iya sabunta ta idan mai koyon bai shirya wa jarrabawa ba.

Takardar ba lasisi ba ce. Izini ne na wucin gadi, mai ɗauke da sharuɗɗa.

Na farko, dole a maƙala alamar harafin L, ja a kan farin fili, a gaba da bayan abin hawan. Ita ce alamar da wasu ke rubuta wa "ɗan koyo" a jikin mota. Amfaninta shi ne ta gargaɗi masu zuwa daga baya su ba da tazara, domin mai koyo na iya tsayawa ba shiri ko injinsa ya mutu a tsakiyar hanya.

Na biyu, izinin ya taƙaita ne ga irin abin hawan da aka rubuta a takardar.

Na uku, ɗan koyo ba ya ɗaukar fasinja, in ban da mai koya masa. Wannan na nufin babu goyo, babu kuma acaɓa, har sai ya ci jarrabawa.

Hanin goyo shi ne mafi muhimmanci ga mai babur. Fasinja yana ƙara nauyi a tayar baya, ya rage kamun tayar gaba, ya kuma tsawaita tazarar da babur ke bukata kafin ya tsaya. Idan fasinjan ya tsorata ya karkata saɓanin kwana, ƙwararre ne kawai ke iya gyara babur ɗin kafin ya zube.

Akwai kuma wani bambanci tsakanin koyon mota da na babur. A mota mai koyarwa yana zaune kusa da ɗalibi, yana iya kama sitiyari ko ya ja birkin hannu. A babur kuwa, ko da malamin ya hau baya, totur da birki da kuloci duk suna hannun mai koyo.

Shi ya sa masu horarwa ke fara koyon babur a fili, nesa da motoci, kafin a shiga titi.

Ƙa'idojin da suka shafi kowa

Bayan sharuɗɗan da suka keɓanta da shi, ɗan koyo yana ƙarƙashin duk ƙa'idojin da suka hau kan kowane mai babur.

Littafin ƙa'idojin hanya na Najeriya ya ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 a sa'a guda, a cikin gari ko a wajensa, bai kuma ba shi gurbi a kan manyan hanyoyin da ake kira ekspires ba.

Ko a wannan gudun ma, babur yana cin kimanin mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan aka ninka gudu sau biyu kuwa, tazarar da birki ke bukata ta ninka kusan sau huɗu.

Fasinja ɗaya doka ta amince wa mai lasisi ya ɗauka. Goyon biyu ko uku, ko ɗora buhuna har su rufe madubi da danja, duk suna cikin laifin lodi fiye da kima.

Dole babur ya kasance da rajista da lamba, da fitila da birki masu aiki. Haka nan an haramta amfani da waya yayin tuƙi, da tuƙi cikin maye, ko da na giya ne ko na ƙwayoyi irin su taramol.

Daga koyo zuwa lasisi

Idan mai koyo ya ga ya shirya, sai ya cike takardar neman lasisi, wadda a yanzu ake cikewa ta intanet, ya kuma biya kuɗi. Ana bukatar lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN.

Daga nan jami'an VIO za su gwada shi a kan sanin alamomin hanya da ƙa'idojinta, da kuma tuƙi a aikace. Akwai kuma gwajin ido.

Wanda ya ci zai je cibiyar lasisi a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Wannan tsari na ɗaukar zanen yatsu ya zo ne da sabon lasisin da aka ƙaddamar a 2011, domin daƙile jabun takardu da mallakar lasisi fiye da ɗaya.

Akan fara ba shi lasisin wucin gadi mai wa'adin kwana 60, kafin katin dindindin ya fito.

Lasisin na shekara uku ne ko biyar. A farashin da hukumar haɗin gwiwa ta haraji ta fitar a watan Yunin 2025, lasisin babur na shekara uku ya koma naira 7,000, na shekara biyar kuma naira 11,000. Na mota kuwa naira 15,000 ne da 21,000.

Ga mazaunin ƙauye, kuɗin da ke rubuce ba su ne duka abin da zai kashe ba. Akwai kuɗin mai zuwa birni da dawowa, wani lokaci fiye da sau ɗaya, da kuɗin shagon intanet, da kuma yinin aikin da zai rasa.

A nan ne 'yan kamasho ke samun kasuwa. Sai dai hukumar FRSC ta sha yin gargaɗin cewa duk lasisin da aka kawo wa mutum gida ba tare da an taɓa ɗaukar hotonsa da zanen yatsunsa a cibiya ba, jabu ne.

Hular kwano

Doka ta wajabta sanya hular kwano ga mai tuƙa babur da wanda aka goya, kuma babu sassauci ga ɗan koyo.

A ranar 1 ga watan Janairun 2009 ne FRSC ta fara tilasta wannan doka a faɗin ƙasar, abin da ya haifar da ce-ce-ku-ce.

A Kano an ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, domin su yaudari jami'ai daga nesa. Masu babura sun koka da tsadar hular, yayin da wasu fasinjoji suka ƙi sanya hular da kowa ke sawa, saboda tsoron cututtuka ko kuma asiri.

Bayan wani lokaci tilastawar ta yi sanyi a jihohi da dama, amma dokar ba ta sauya ba.

A arewa akwai ƙarin dalilai da ake kawowa, kamar zafin rana, da kuma cewa hular ba ta zama a kan hula ko rawani ko ɗankwali.

Sai dai rauni a ka shi ne kan gaba wajen kashe masu babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya hula mai inganci yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida, yana kuma rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin ɗari.

Sharaɗin shi ne ta kasance hular babur ce ta gaske, daidai kan mai ita, kuma a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Hular magina, ko wadda aka ɗora ba a ɗaure ba, takan fice kafin kai ya taɓa ƙasa.

Tara da inshora da alhaki

A jadawalin laifuffukan da ya zo da dokar 2007, tuƙi ba tare da ingantaccen lasisi ba yana jawo tarar naira 10,000, haka ma lodi fiye da kima.

Hawan babur ba hular kwano tarar naira 2,000 ce, kamar yadda take ga wanda ya yi tuƙi bai kai shekara 18 ba. Tuƙin ganganci kuwa naira 50,000 ne.

Jami'ai na iya tsare babur ɗin har sai an biya, ko kuma su gurfanar da mai laifin a kotun tafi-da-gidanka.

To amma tara ita ce mafi ƙanƙantar asara. Babbar matsala tana zuwa ne idan an yi haɗari.

Doka ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Tun daga watan Janairun 2023 kuɗinta ga babur naira 3,000 ne a shekara, kuma a watan Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta mallakarta a faɗin ƙasar.

Irin wannan inshora ba ta biyan mai babur asararsa, wanda ya buge ko ya ɓata wa dukiya take biya. Kuma daga cikin sharuɗɗanta akwai cewa mai tuƙin ya kasance yana da izinin tuƙa abin hawan.

Idan yaro ɗan shekara 14 ya buge mai tafiya a ƙasa, kuɗin magani da na sulhu kan dawo ne kan iyayensa, da kuma wanda ya miƙa masa makulli.

Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma a fiƙihun Malikiyya kisan kuskure yana da diyya da kaffara. Ke nan rashin niyya ba ya ɗauke alhakin ran da aka rasa.

Yadda ake koyo a zahiri

Makarantun koyon tuƙi da FRSC ke tantancewa galibi suna manyan birane ne, kuma mota suka fi koyarwa. Mai son koyon babur a ƙauye ba shi da malami sai wansa ko abokinsa.

Irin wannan koyo yana da nasa amfani. Yaron Jahun kan san yadda ake ratsa rairayi ba tare da an danne birkin gaba ba, da yadda ake ƙetare taɓo, abin da ɗan birni bai sani ba.

Abin da ba ya samu shi ne ilimin kwalta: wane ne ke da hanya a mararraba, me layin da ke tsakiyar titi ke nufi, yaushe ake kunna sigina, da kuma wuraren da direban babbar mota ba ya iya hango babur a madubinsa.

Sau da yawa ana koya wa sabon mahayi ya guji birkin gaba baki ɗaya, saboda yana kayarwa a yashi. A kan kwalta kuwa birkin gaba ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayar da babur, kuma wanda ya dogara da na baya kaɗai ba zai tsaya a kan lokaci ba.

Wurin da ya fi haɗari shi ne inda hanyar ƙauye ta haɗu da titi, musamman ranar kasuwa, lokacin da motocin kaya da babura da dabbobi ke cakuɗuwa.

Talauci ma yana taka rawa. Matashin da aka ba babur domin ya riƙa kawo balas kullum, ko wanda ya karɓe shi bashi, ba shi da halin zaman wata uku ba ya ɗaukar fasinja. Tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ta ƙara matsa wa masu sana'ar su ɗauki mutum biyu a tafiya ɗaya.

Alƙaluman FRSC sun nuna cewa mutum 5,421 ne suka mutu a haɗurran hanya a Najeriya a 2024, idan aka kwatanta da 5,081 a 2023. Waɗannan su ne haɗurran da suka isa ga jami'anta, alhali wanda ya faɗi a burtali aka kai shi wajen mai ɗori ba ya shiga lissafi.

A duniya baki ɗaya kuwa, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Ƙasashe da dama suna bin tsarin bayar da lasisi mataki-mataki, inda ake sassauta wa sabon mahayi sharuɗɗa a hankali gwargwadon gogewarsa. New Zealand ce ta fara aiwatar da cikakken tsarin a 1987.

A Birtaniya, tun daga 1990 ba a barin ɗan koyo ya fito titi da babur sai ya halarci horon share fage na dole, wanda akan kammala a yini guda. Takardar horon tana aiki ne shekara biyu.

A tsawon wannan lokaci sai ya maƙala alamar L, ba ya goyo, ba ya hawa manyan hanyoyi, kuma ƙarfin injin babur ɗinsa ba zai wuce cc 125 ba. Ɗan shekara 16 kuwa ƙaramin babur mai cc 50 kawai aka yarda ya hau.

A Ostareliya ma akwai jerin baburan da aka amince wa ɗan koyo, waɗanda ba sa wuce cc 660.

Ƙayyade ƙarfin inji ba shi ne damuwar Jigawa ba, domin baburan da aka fi hawa a can ƙanana ne, masu cc 100 zuwa 150. Abin da ke kayar da su shi ne lodi da goyo da rashin hula.

Ta wannan fuska misalin Ruwanda ya fi kusa. A birnin Kigali ɗan acaɓa fasinja ɗaya yake ɗauka, yana kuma tafe da hula biyu, tasa da ta fasinja, kuma jama'a sun saba da hakan.

Hani ko horo?

A manyan biranen Najeriya hukumomi sun fi karkata ga hana sana'ar baki ɗaya.

An hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a watan Oktoban 2006. Jihar Legas ta taƙaita ta a kan ɗaruruwan hanyoyi a 2012, ta kuma tsaurara hanin a 2022.

A Kano an hana goyo a babur ne a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Da yawa daga masu sana'ar suka koma tuƙa adaidaita-sahu.

Irin wannan mataki yana yiwuwa ne inda ake da abin da zai maye gurbin babur. A ƙauyukan Jahun da Miga da Auyo da Kafin Hausa babu wannan zaɓi, domin hana babur daidai yake da yanke ƙauye daga kasuwa da asibiti.

Abin da ya rage shi ne a kusanto da tsarin ga jama'a: gwaji da ɗaukar zanen yatsu a hedkwatocin ƙananan hukumomi, da gajeren horo ta hannun ƙungiyoyin 'yan acaɓa irin su ACOMORAN, waɗanda suke da rassa a tasha-tasha kuma sun san mambobinsu.

Kafin nan dai, akasarin sharuɗɗan ɗan koyo ba sa bukatar ofis ko jami'i. Uba ne ke yanke shawarar shekarun da zai miƙa wa ɗansa makulli. Wa ne ke iya hana ƙanensa goyo a watannin farko, ya hana shi fita da dare, ya kuma tsare shi a fili har hannunsa ya faɗa. Mai babur ne ke zaɓar wanda zai ba jari.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗabi'ar da mahayi ya ɗauka a wata ukun farko, ta ɗaure hula ce ko ta rataye ta a hannun babur, ita ce yakan rayu da ita a kan hanya.